Inci da Ƙofar Kicin

Har yau akwai masu cewa ƙanwata ta ci amanar ofishin da ya ba ta aiki. Mai faɗin haka ya zo ya faɗa a gabana. Zan naɗe masa hannun rigata na dama ya ga abin da ke wurin, in yana da sauran baki ya maimaita.

Ni mai dafa abinci ce a makarantar kwana ta 'yan mata, shekara ashirin da uku ke nan. Mu takwas ne muke ciyar da baki ɗari shida, sau uku a rana. Amma ba labarina zan bayar ba, na autarmu ne, wadda kowa yake kira Inci.

Babanmu kafinta ne, Allah ya jiƙansa, kuma shi ya laƙaba mata sunan. Na girme ta da shekara goma sha biyu, ni na goya ta. Da i'ina ta tashi, mai tsanani, kalma ɗaya sai ta tsaya mata a wuya kamar ƙayar kifi. Abin da ya fi ƙona mata rai ba dariyar yara ba ce, masu ƙarasa mata magana ne. Ta fara, kafin ta kai tsakiya wani ya cafe ya ƙarasa da abin da ba shi take nufi ba, a ce to an ji. Da ta gaji sai ta ajiye baki ta ɗauki tef ɗin awon Baba. Ba abin da ba ta auna ba a gidanmu: wutsiyar kyanwa, takalman baƙi, tafin hannun Inna tana barci. Tana shekara bakwai wani maƙwabci ya zo shago yana kumfar baki, wai kabad ɗin da Baba ya yi masa bai kai tsawon da suka yi magana ba. Sai yarinyar nan ta matso. Ta hau benci ta ja tef, ta danne lambar da babban yatsa ta miƙa masa har hanci. Mutumin ya duba, ya gyara hula ya fita. Mutane suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Baba a rabin farko yake tsayawa, ya ce sauran magana ce ta malalata.

Ta yi kwalejin fasaha ta koyi zanen gini. Ta auri mai gyaran firji, shi ma ba gwanin magana ba ne, in ka shiga gidansu ƙarar agogo ce take yi maka sannu da zuwa. Sannan ta samu aiki a ofishin wani da ake kira Injiniya, ta yi shekara tara a tebur ɗaya, a lungu, bayan injin kwafe takardu. Aikinta shi ne ta gina gini a cikin kwamfuta kafin a haƙa ko rami ɗaya. Ba zanen takarda ba, gini sosai mai tsawo da faɗi da zurfi, wanda za a juya shi, a leƙa ta taga, a shiga ɗaki a fito. Shi Injiniya sai ya zaɓi kusurwar da ta fi kyau a ɗaukar masa hoto, ya kai wa masu aikin su yi ta tafi.

Tana da wata ɗabi'a da babu mai ita a ofishin. Kowane gini ta yi sai ta sa masa kayan da za a yi aiki da su a ciki, da awonsu na gaskiya. In asibiti ne ta sa gadon tura marar lafiya, in shago ne ta sa buhu a kafaɗar ɗan dako. A wani rukuni daban take ajiye su, wanda ake kunnawa a kashe. Injiniya kuwa kashewa yake yi kafin a ɗauki hoto, yana cewa tarkacenta suna ɓata masa kallo.

Yanzu hannuna. A tsohon kicin ɗinmu akwai wata tukunya da muke kira Giwa. In ta cika, mace biyu ne suke ɗaukarta, kowacce da kunne ɗaya. Ƙofar da ke tsakanin murhu da ɗakin rabo inci talatin da shida ce, ba ta ɗaukar mace biyu da Giwa a jere. Dole a juya, ɗaya ta shige gaba tana tafiya da baya. A bakin ƙofar kuma akwai matakala guda, inci shida. Mai tafiya da baya ba ta ganinta, da diddige take lalubenta. Sau dubu na wuce lafiya. Rana ɗaya diddigen ya zame, miya tana tafasa ta kwaranyo mini daga kafaɗa zuwa wuyan hannu. Doguwa, abokiyar ɗaukata, har yau in ta tuna sai ta toshe kunne, wai tana jin ihuna. Wata biyu Inci tana zuwa kullum da safe kafin ofis tana wanke mini ciwon.

To, da aka ce za a rushe kicin a gina sabo, kuma ofishinsu Inci ne ya samu aikin, na ce kakarmu ta yanke saƙa. Wata Asabar da hantsi ta zo da tef ɗin Baba. Ta auna Giwa daga kunne zuwa kunne. Ta auna Doguwa. Ta zo kaina ta zagaya ni da tef, sai na ga tana ƙara janyowa.

Doguwa ta ce, "Inci, in bai kai ba a aro igiyar shanya."

Na ce, "Ke da in kin juya gefe sai a nemi inda kika shiga? Auna ni da kyau, auta, ni ce ma'aunin ƙofa."

Ta rubuta a littafinta tana murmushi. Ƙofa inci sittin, ba matakala. Abin da ta rubuta ke nan, na gani da idona.

Bayan wata uku aka kira taro a ɗakin malamai. Ga Shugabar makaranta, ga 'yan kwamiti su bakwai, mu ma 'yan kicin an ba mu benci a baya. Injiniya ya kunna majigi. Kai, abin ya yi kyau, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Ƙofofi uku a jere kansu ɗaya kamar 'yan uku, tayil yana walƙiya, bishiyoyi, rana tana faɗuwa ta bayan rufi, 'yan mata suna yawo da littattafai, har da wata farar mota da ban san mai ita ba. Ana ta cewa ma sha Allah. Ni kuwa ina neman tukunya ban ga ko ludayi ba.

Na ɗaga hannu na ce, "Yallaɓai, ƙofar tsakiyar nan, faɗinta nawa?"

Ya ce, "Daidai da ƙa'ida, Mama. Ki kwantar da hankalinki."

"Ƙa'idar nawa ce a tef?"

Ya yi dariya ya dubi 'yan kwamiti, irin kallon nan na ku ji mini tsohuwa. Sai Inci ta miƙe daga bayan kwamfuta. Ta ce, "Ya-ya-yallaɓai, ƙo-ƙo-ƙo..."

Ya ce, "Ƙofar ta yi kyau, na sani. Na gode, zauna."

Aka yi dariya. Ta zauna. Na ji kamar a ranar aka zuba mini miyar.

Abin da ya cece mu shi ne Shugaba ba ta sa hannu a kan abin da ta gani sau ɗaya. Ta ce tana so a turo ginin kowa ya duba a wayarsa a natse, a dawo ranar Alhamis ta sama. Injiniya ya ce wannan ai ba komai ba ne, yarinyarsa za ta fitar ta turo. Yarinyarsa! Mace mai 'ya'ya biyu.

Washegari da la'asar Inci ta zo ɗakina da kwamfutarta. Ban bari ta cire takalmi ba na hau ta da faɗa. "Ina Giwa? Ina mu? Awon da kika yi mana na ɗinkin riga ne?"

Ta buɗe kwamfuta a kan gadona, ta danna wuri ɗaya. Sai ga mu. Mata biyu marasa fuska, ɗaya siririya ɗaya kuwa ba sai an faɗa ba, riƙe da tukunya a bakin ƙofar tsakiya. Mai jikin tana gaba ta juya baya, diddigenta yana reto a kan matakala. Ƙofa talatin da shida, matakala shida. Tsohon kicin ɗinmu ne aka yi wa kwalliya.

A hankali ta ba ni labari, ni kuwa ban taɓa ƙarasa mata magana ba tun tana goye. Sau biyu ta nuna wa Injiniya matsalar ƙofar, sau ɗaya ta rubuta masa a takarda. Ya ce in aka faɗaɗa ta tsakiya ƙofofin ba za su zama kai ɗaya ba, fuskar ginin ta lalace. Matakala kuma ƙasar wurin ce ta gangara, kuma wane kicin ne ba shi da matakala? Masu dafa abinci ai sun saba.

Mun saba. To.

Sannan ta nuna mini yadda ake fitarwa. Ginin da ke cikin kwamfutarta ba ya buɗuwa sai a manhajar da aka gina shi da ita, mai nauyi, wadda sai ofis. In ana so wani ya gani a waya, sai an tattara shi duka, bango da launi da haske, a ƙulle a fayil ɗaya, a tura. Mai karɓa ya buɗe da wata 'yar manhajar kallo, ba zai iya canja komai ba amma zai gani. Wajen ƙullewar ne ake zaɓar abin da zai tafi da abin da za a bari. Ana kuma zaɓar ko a kafa wa mai kallo hanya ɗaya da za a bi da shi kamar akuya a igiya, ko a sake shi ya shiga inda ya ga dama.

Ta ce a ofis ta gwada fitar da shi yadda Injiniya yake so. Ta tura wa wayata mu gani. Wayar ta yi ta juya wani ɗan zobe, ta ɗauki zafi kamar dutsen guga, ta ɗauke wuta. Ya yi nauyi. Kowane ganyen bishiya nauyi ne, kowane ƙyallin tayil nauyi ne, motar nan kaɗai ta fi kicin ɗin duka. Ta faɗa masa tun da safe, ya ce ta rage duk abin da za ta rage, shi dai ya buɗe a waya. Yana bakin ƙofa ya waiwayo ya ƙara da cewa, "Kuma kada in ga tukunyar nan taki."

A gabana ta fara ragewa. Bishiyoyi suka tafi. Mota ta tafi. 'Yan mata masu littattafai, faɗuwar rana, ƙyallin tayil, duk ta kwashe. Ya rage bango da ƙofofi da murhu da famfo, fari fat kamar ba a yi fenti ba. Sai mu da Giwa a bakin ƙofa. Ta kai yatsa kan wurin kashe mu, ta tsaya.

Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, ta san abin da take yi, ni ma na sani. Na ce, "Auta, korarki zai yi. Kashe mu kawai, ni zan yi magana ranar Alhamis, bakina ai ba ciwo yake ba."

Ta ce, "Ki-kin yi. Ya ce ki kwa-kwantar da hankali."

"To ke me za ki ci?"

Ta dubi hannuna. Ta ce, "Sau s-s-sittin na wanke shi, Yaya."

Ta janye yatsanta ta bar mu a kunne. Ta cire igiyar, ta saki mai kallo. Wurin da za a fara gani in an buɗe kuma ba daga sama ta sa shi ba inda tsuntsu yake kallo, a gaban murhu ta sa shi, daidai tsayin idon mace tana tsaye. Ta ƙulle ta tura mini. Kafin in ƙifta ido ya buɗe. Na sa yatsa na ja, sai ga ni ina tafiya a kicin ɗin da ba a gina ba, har na iske kaina a ƙofa.

Ba a ɓoye ta yi ba, wannan nake so masu zancen amana su ji. Da safe ta tura wa Shugaba, ta tura wa Injiniya a lokaci guda. Kwana shida abin yana cikin wayarsa. Bai buɗe ba, don bai taɓa buɗe abin da ta tura masa ba, ya san ba ta kuskure. Shugaba ta rarraba wa 'yan kwamiti. Ni na tura wa Doguwa, Doguwa kuwa ba ta iya riƙe ko gishiri balle magana, kafin kwana biyu masu dafa abinci na makarantu uku sun gani. Wata ta kira ni ta ce, "Wannan mai faɗin ke ce ko? Wallahi har tsayuwar."

Ranar Alhamis Injiniya ya zo da sabuwar riga da majiginsa. Ya fara bayani, amma ba mai kallon bango. Kowa ya sunkuya a kan waya, da tsakar kawuna yake magana. A cikin kwamitin akwai wata tsohuwar nas da ta yi ritaya, tabarau a ƙarshen hanci. Ita ta katse shi.

"Ɗana, dakata. Wannan baiwar Allah da ke tafiya da baya, me ke ƙarƙashin ƙafarta?"

Ya ce, "Wace baiwar Allah, Hajiya?"

Ta miƙa masa wayar. Ta riga ta juya kallon ta sauke shi ƙasa, daidai diddigen. Na ga fuskarsa ta canja kamar an ɗauke wutar majigi. Ya juya yana neman bishiyoyinsa, babu. Ya ce, "A'a, wannan kuskure ne aka yi wajen fitarwa. Waɗannan gumakan ba sa cikin zane, girmansu ma ba daidai ba ne. Za a turo muku na gaskiya."

Doguwa ta ce daga baya, "Gumaka? Yaya, ashe mu gumaka ne."

Nas ta juya wajen Inci. "'Yata, ke kika fitar. Kuskure ne?"

Inci ta miƙe. Kalmar ta ƙi fita. "Ba-ba-ba..."

Injiniya ya ce, "Ba ta lura ba ne, shi take son ta..."

Shugaba ta buga tebur da tafin hannu. "Malam, bar ta ta gama."

Aka jira ta. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, na dai ji ƙarar fanka, na ji wata ɗaliba tana dariya can a waje. Ba wanda ya motsa.

"Ba ku-kuskure ba ne. Tukunya inci ta-talatin da takwas. Ƙofa ta-talatin da shida. Ni na auna."

Ya ce ai mai zane ya fi mai girki sanin gini. A nan na tashi. Ban yi dogon bayani ba, na naɗe hannun riga har kafaɗa na zagaya teburin a hankali, kowa ya gani. Na ce, "Yallaɓai, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan aikin inci shida ne. Ka ce mun saba, to ga abin da sabon ya jawo."

Nas ta cire tabarau ta ce ta yi shekara talatin tana wanke irin wannan, ba za ta sa hannu a ƙera wani ba. Shugaba ta rufe fayil ɗin takardu. Ta ce ƙofa sittin, a cike gangaren a shafe matakala, in ba haka ba a nemi wani ofishin. Ya ce fuskar ginin fa? Ta ce ba fuska za a dafa ba.

Ya gyara zanen, don ba ya son aikin ya kuɓuce masa. Ranar Litinin kuma ya sallami Inci, wai ba ta bin umarni. Ba ta roƙe shi ba. Ta ɗauki kofin shayinta da tef ɗin Baba ta fito. Shekara tara, abin da ta fito da shi ke nan. Har yau ana nuna hoton kicin ɗinmu a ofishinsa, an ce yana faɗa wa baƙi shi ya yi tunanin faɗaɗa ƙofar saboda tausayin mata. Allah ya ba shi lada daidai tausayinsa.

Yanzu a tsohon shagon Baba take aiki. Ta share shi, ta ɗora kwamfuta a kan bencin da ta hau tana shekara bakwai. Manyan ayyuka ba sa zuwa, kada in yi muku daɗin baki, akwai watan da ba ta ganin kowa. Masu zuwa su ne mai gidan burodi da zai ƙara ɗaki, da tela mai son ya san ko keke shida za su shiga shagonsa, da wani da mahaifiyarsa take kan keken guragu. Kowa sai ta je ta auna kayansa, ta gina, ta fitar ta tura masa a waya, ta ce ya je ya yi yawo a ciki kwana uku kafin ya sayi bulo ko ɗaya. Ba ta sa bishiya.

Da ginin kicin ɗinmu ya kai linta, wato saman ƙofa, Shugaba ta aika a kira ta ta duba. Ta zo da rana tsaka, magina suna hutawa a inuwa. Ta ja tef a ƙofar tsakiya. Hamsin da takwas. Ɗan kwangila, wani ƙato mai muryar ganga, ya ce, "Haba Hajiya, inci biyu? Wa zai gani?"

Ta danne lambar da babban yatsa ta miƙa masa. Sannan ta fara magana, ta daɗe tana fama da kalmar farko. Na zuba masa ido ina jira ya cafe in ci mutuncinsa. Bai cafe ba. Ya tsaya da hularsa a hannu har ta kai ƙarshe, sannan ya juya ya ce wa magininsa ya kawo guduma.

Ranar da aka buɗe kicin, ni da Doguwa muka ɗauki Giwa cike da miya, tana tururi. Muka nufi ƙofa a jere, kafaɗa da kafaɗa, kowacce tana kallon gabanta. Da muka zo bakin ƙofar sai ƙafata ta tsaya da kanta tana laluben matakala.

Doguwa ta ce, "Yaya, tafi mana, hannuna zai tsinke!"

Na taka na wuce.